Ya Janye Ko Bai Janye Ba?

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara, kuma aikin gidan rediyo bai ƙara ramar da kai ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali yanzu muna gari ɗaya. Mun iso lafiya, mu wakilan jam'iyya na yankinmu, don zaɓen fid da gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa. Ko jakata ban sauke ba, Ciyaman ɗin jam'iyya na yankinmu ya tsaya a ƙofar otal da buhu a hannu, ya ce kowa ya jefa wayarsa ciki. Wai don haɗin kan jam'iyya, kada ɗaya ɓangaren su yi ta kiranmu suna raba mana hankali. Na ce, "Ranka ya daɗe, su ɗaya ɓangaren ba 'yan jam'iyyarmu ba ne?" Ya ce, "Malama, nan ba aji ba ne, jefa kawai." Na jefa. Na tsufa ina ƙwace wa yara abin wasa a makaranta, yau ga shi an ƙwace nawa.

Direban da ke kawo wa otal burodi da safe ya ce ta ƙofar gidan rediyonku yake wucewa. Shi zai miƙa maka wannan, shi kuma za ka ba amsa.

An ajiye mu a bene na uku, mutum biyu a ɗaki. Taga ba ta buɗuwa, fanka kuwa kuka take kamar an taka mata wutsiya. Allah ya taimake ni aka haɗa ni da aminiyata Mai Kwanuka, wadda ka sani, mai rumfa a bakin kasuwa. Tare muka kafa ƙungiyar matan jam'iyya tun muna goyo. Fita babu, sai da ɗan rakiya. Talabijin ɗaya ce a ɗakin cin abinci, tasha ɗaya take nunawa, abin sauya tashar kuma yana aljihun Ciyaman.

Ka san matan unguwa ne suka turo ni, kuma ba su turo ni da baki biyu ba. Tsakanin 'yan takarar biyu, Likita da Injiniya, Likita suka ce, saboda ɗakin haihuwar da ya buɗe mana lokacin da yake riƙe da harkar lafiya. A gabansu na ɗaga hannu na yi alkawari.

To ga abin da ya sa na rubuto. Matar da ke share mana ɗaki ta ce ta ji a rediyo an yi maslaha, Likita zai janye wa Injiniya. Na tambayi Ciyaman, ya yi dariya ya ce ai Injiniya ne zai janye wa Likita. Wani dattijo a teburinmu ya ce su biyun ne za su janye wa wani na uku, amma da na tambaye shi wane ne, sai ya ce shi ma abin da yake son ji ke nan. Kai ne a ɗakin labarai. Don Allah gaya mini inda aka kwana.

Na kuma manto maganin hawan jinina a kan kabad, amma akwai kemis a tsallaken titi, zan roƙi a raka ni.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na gaishe ki da gajiyar tafiya. Yara lafiya, uwarsu na gaishe ki, ta ce ki ci abincin otal da kyau ki rama mata.

Kin tambaye ni inda aka kwana. Yaya, mu nan ba a kwana ba ma, balle a san inda. Da safe kakakin jam'iyya ya bugo ya ce an yi maslaha, na shiga na karanta. Kafin azahar wani ya bugo, ya ce shi ne kakakin jam'iyya na gaskiya, wancan an sauke shi, kuma babu wata maslaha. Na shiga na karanta, da muryar nan tawa da na karanta na farko. Da la'asar na farkon ya sake bugowa ya ce shi bai san an sauke shi ba, a rediyonmu ya ji. Editanmu ya dafe kai ya ce in karanta wannan ma.

Masu sauraro kuwa sai bugowa suke suna zagina, kamar ni na haifi jam'iyyar. Wani ya ce, "Kai Malam, ka tsaya a magana ɗaya mana!" Na ce masa in ya samo maganar ya kawo mini in tsaya a kanta.

Abu ɗaya na sani, shi ma a ƙasa-ƙasa zan gaya miki. Mai gidan rediyonmu yanzu kusan kullum yana gidan Injiniya. Bai taɓa ce mana ku yi kaza ba, amma in labari ya yi wa Injiniya daɗi sai ka ga ya leƙo ɗakin labarai yana tambayar lafiyar iyalinmu. In bai yi ba, ko sallama ba ya amsawa. Tashar da ke tsallake kuma ta mutanen Likita ce, su ma haka suke yi ta nasu gefen.

Shawarata guda ce. 'Yan jarida sun yi dafifi a ƙofar otal ɗinku, har da namu. Ko gaisuwa aka yi miki da abin ɗaukar magana a hannu, ki ɗaga hannu kawai ki wuce. Na san halinki, ba kya iya barin tambaya ta faɗi ƙasa. Wannan karon ki bar ta ta faɗi. Maganin kuma ki rubuto mini sunansa in aiko direba da shi, kada ki fita.

Allah ya fid da ku lafiya.

Naki,
Auta.

*

Auta,

Na gaishe ka, don gaisuwa ba ta faɗuwa ko ana fushi.

Takardarka ta same ni bayan aikin gama ya gama. Tun jiya da yamma na fita kemis da ɗan rakiya. Ina dawowa wata yarinya ta tare ni a bakin ƙofa, 'yar jarida, mai ladabi, har da rusunawa. Ta ce, "Mama, in Injiniya ne ya ci, yaya za ku yi?" Ga abin da na ce mata, kalma da kalma: "Ni Likita na zo zaɓa, shi aka aiko ni. Amma in Allah ya ba Injiniya, to Injiniya namu ne, jam'iyya ɗaya ce, za mu bi shi." Ta yi godiya na wuce. Har ina jin daɗi a raina cewa na yi maganar manya.

Yau da safe muna ɗakin cin abinci, masu girki suka ƙure rediyonsu a kicin. Sai na ji muryarka, Auta. Muryar da na goya. Kana cewa wakilan Likita sun fara sauya sheƙa, ga kuma shugabar mata ta wani yanki. Sai ga tawa: "Injiniya namu ne, za mu bi shi." Shi ke nan. An yanke kai, an yanke ciki, an bar wutsiya.

Aka ajiye cokula. Kowa ya juyo. Na miƙe na ce ba haka na faɗa ba. Wani ya ce, "Ba muryarki ba ce?" Na ce tawa ce. Ya ce, "To aljani ne ya ara?" Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

Mai Kwanuka ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Ashe ɗaki ɗaya muke kwana ban san da wa nake kwana ba." Na bi ta sama ina rantsuwa. Ta ce, "Da a ce wani ne ya karanta labarin, sai in ce sharri ne. Amma ƙanenki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi zai yi miki ƙarya?" Ka gaya mini amsar da zan ba ta. Yanzu ta juya fuskarta bango, in tana son in kashe fanka sai ta gaya wa bangon.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Ciyaman. A gaban jama'a ya yi mini tatas, ya ce na ci amanar tafiya. Da muka haɗu a matakala mu biyu, sai ya rage murya ya ce, "Malama, kin riga mu. Wa ya gaya miki?" Na ce, "Ya gaya mini me?" Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Haka ne, haka ne, bango na da kunne," ya wuce yana gyaɗa kai.

Da rana kuma wani da ban taɓa gani ba ya aiko mini da kwandon lemo da gaisuwar Injiniya. Na ce a mayar. Aka ce ba a san wanda za a mayar wa ba. Yana nan a bakin ƙofa, kowa ya wuce sai ya dube shi ya dube ni.

Ban san me zan tambaye ka ba ma. Ka ji muryata kafin ka karanta, ko ba ka ji ba?

Yayarka.

*

Zuwa ga Uwar 'Yan Biyu,

Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa ni da yara da jikoki muna lafiya, sai dai kewarki da kuma abin da ba a rasa ba. Na ba direban tashar mota wannan ya kai wa Auta, shi ya san yadda zai iso gare ki.

Ina shago ina shafa wa ƙofa fenti aka zo aka ce mini kina rediyo. Na ce madalla. Aka ce a'a, ba irin ta madalla ba ce. Kafin in wanke hannu mata sun cika ƙofar gida. Kashi biyu suka zo. Na farko suna cewa kin sayar da su. Na biyu sun zo yi mini murna, wai dama su tun farko Injiniya ne a ransu, kunyarki suke ji. Ina tsakiya da burushi a hannu, wannan na jan rigata, waccan na yi mini guɗa.

Na ce musu, matar nan tun da na aure ta ko wurin ajiye tsintsiya ba ta taɓa sauyawa ba, ina ga ɗan takara. Suka ce, to muryar wa suka ji? Ni ma kuwa na ji, kuma na san muryar da ke tashina da asuba.

Bencunan nan da na ƙera wa ofishin ƙungiyarku, an raba su. Kowane ɓangare ya kwashi nasa. Ɗaya ya rage, dogon nan, aka yi ta ja har ƙafarsa ta karye, yanzu yana shagona. Kowane ɓangare ya aiko a gyara masa shi. Allon da ke saman ƙofa kuwa an cire, ban san wa ya ɗauka ba.

Tsohuwar nan ta bakin famfo, wadda 'yarta ta haihu a ɗakin haihuwar Likita, ba ta yi faɗa ba. Zama ta yi a dakalinmu tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, Malama ce idona." Wannan ta fi mini masu ihun ciwo.

Bangon gidanmu yanzu hoton Injiniya ne a dama, na Likita a hagu. In na ɓare ɗaya sai a ce na nuna ɓangare, don haka na bar su suna kallon juna.

Abin da nake roƙo, ki gaya mini gaskiya. In kin sauya, ba zan tambayi dalili ba, na san ba kya abu babu dalili. In ba ki sauya ba, ki faɗa. Ni dai in san wace maganar zan tsaya a kai in ana zagina.

Maganinki na gan shi a kan kabad. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne mijinki,
Kafinta.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Ga takardar Baban 'Yan Biyu na haɗo da tawa.

Ban ji ba kafin in karanta. Wallahi ban ji ba. Ina zaune a gaban makirfo, jar fitila ta kama, edita ya turo mini takarda ta ƙarƙashin gilashi ya nuna da yatsa. Na karanta, mai injin ya saki murya. Sai da ta fito a kunnena na gane ke ce. Labarin da ya biyo baya na farashin taki ne, har yau ban san me na karanta a kansa ba.

Na nemo yarinyar. Sabuwa ce, ba ta daɗe da fara aiki ba. Da na tare ta sai ta fashe da kuka, ta ce ita cikakkiya ta miƙa. Edita ya ce shi ma a yanke ta zo masa daga sama. Na hau saman, sakataren mai gida ya ce su ba sa taɓa labarai, a ƙasa ake yankewa. Kowa yana nuna wani bene. Amma yarinyar tana da ta asalin a wayarta, ta ba ni, na saurara. Kin faɗa daidai yadda kika rubuto.

Na kai wa edita na ce a gyara. Ya ce, "A bari sai bayan zaɓe, yanzu gyara zai ƙara raba kan jam'iyya." Na ce yankan bai raba ba, sai gyaran? Ya ce in fita masa daga ofis yana da ciwon kai.

Yau da yamma ni ke gabatar da shirin ra'ayin masu sauraro, kuma mai injin abokina ne. Zan saka ta cikakkiya, daga farko har ƙarshe, in faɗa da bakina cewa ta farko an datse ta. Ki roƙi masu girki su kunna rediyo, ki ja Mai Kwanuka ta zo ta ji ko da ba ta so. Na aika wa Baban 'Yan Biyu ya tara matan.

Kada ki ce in bari. Kafin wannan ta iso hannunki wataƙila ma an gama.

Ki yafe mini.

Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka, na kuma yafe, dama zafin rai ne. Allah ya yi maka albarka.

Mun ji. Kicin ya cika har bakin ƙofa. Da maganata ta fito cikakkiya na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na ce to, Alhamdulillahi, ƙura ta lafa.

Ashe yanzu ta tashi. Masu son Injiniya a cikinmu, waɗanda da ban san akwai su ba, suka ce tsorata ni aka yi na sake magana. Wasu na Likita suka ce ta farkon ce gaskiya, ta biyun ƙanena ne ya haɗa da inji don ya wanke ni, wai yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum. Wani kuma ya ce duka biyun na'ura ce, ni ban taɓa fita kemis ba. Ɗan rakiyar da ya raka ni aka tambaya, ya ce shi yana kallon motoci, bai ji komai ba.

Yau tun safe motoci biyu masu lasifika ke zagaya otal. Ta Injiniya tana sakin "Injiniya namu ne, za mu bi shi," an sa mata kiɗa a ƙasa. Ta Likita tana sakin "Ni Likita na zo zaɓa," ita ma da nata kiɗan. In suka haɗu a mahaɗar titi sai in ji ina musu da kaina. Mai shara ta shigo tana rera ta Injiniya ba ta ma san ni ce ba.

Mai Kwanuka ta yi mini magana sau ɗaya. Ta ce, "Wacce ce taki a ciki?" Na ce duka, a haɗe. Ta ce, "Ni kaina ya yi zafi," ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban ga laifinta ba. Ni kaina, da na yi ta jin guntayen nan, sai da na zauna ina tambayar raina ko da gaske akwai "amma" a tsakani.

An ce Likita zai zo ya gana da mu. Muka yi kwalliya muka zauna a ɗakin taro har ƙafafuna suka kumbura. Sai aka ce yana ganawa da dattawan jam'iyya. Talabijin ɗin Ciyaman ta nuna shi yana shiga wani gida, rediyon kicin kuma a daidai lokacin ta ce yana filin jirgi.

Ciyaman ya tara mu da safe ya ce Likita, babu gudu babu ja da baya. Da yamma ya sake tara mu ya ce mu dai mu zuba masa ido a zauren zaɓe. In hularsa tana kansa, Likita. In ya cire ta, an yi maslaha, a rubuta Injiniya. Na ce, "Ranka ya daɗe, alkawarin da muka yi wa mutanenmu fa?" Ya ce, "Haɗin kai ya fi alkawari." Wani ya tambaya, haɗin kai da wa? Ya ce za a sanar.

Gobe ne zaɓen. Ka aika wa Baban 'Yan Biyu cewa ban sauya ba, ya tsaya a kan wannan. Ya kuma je ya gaida tsohuwar bakin famfo, ya ce mata idonta bai makance ba.

Ban ji muryarka a labaran rana ba. Wani ne ya karanta, mai magana ta hanci. Lafiya?

Yayarka.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Direba ya ce bai same ka a wurin aiki ba, mai gadi ya ce kana hutu. Na san irin hutun. Na kwatanta masa gidanka.

An yi zaɓe. Ina cikin zauren daga farko har ƙarshe, amma kai zan tambaya me ya faru.

Zauren wasanni ne babba, an cika shi maƙil, zafi kamar gidan burodi. Mu an ajiye mu can sama kusa da rufi, mutanen kan dandamali kamar 'yan tsana. Aka ba 'yan takara dama su yi jawabi. Injiniya ya yi nasa lafiya. Likita ya hau, ya yi godiya, ya yi maganar haɗin kai, sannan ya ce, "Saboda haka, ina so kowa ya ji da kunnensa, ni..." Sai lasifika ta yi wata ƙara mai huda kunne. Muka ji "janye," sai ta ɗauke gaba ɗaya. Bakinsa na motsi, hannunsa na sama, babu sauti.

Rabin zaure suka tashi suna ihu, "Ya janye!" Ɗaya rabin suna ihu, "Ya ce ban janye ba!" Duka ɓangarorin murna suke. Na ƙasa da ke kusa da dandamali muka tambaya, ɗaya ya ce ya ji da kunnensa ya janye, na kusa da shi ya rantse bai janye ba, suka kama kwalar juna. Kafin a gyara lasifika an kewaye Likita an fita da shi ta ƙofar baya. Mai sanarwa ya dawo ya ce a fara jefa ƙuri'a, bai ce uffan a kan maganar ba.

Duk muka juya ga Ciyaman. Hula tana kansa. Can sai ya cire ta, ya share gumi da hankici, ya mayar. Wasu suka ce alama ce. Wasu suka ce zafi ne. Aka tura a tambaye shi, kafin ɗan aiken ya ratsa jama'a ya sake cirewa yana fifita da ita. Daga baya ya riƙe ta a hannu, rabi a kan gwiwa, shi kansa yana waige-waige kamar mai neman wanda zai cire masa tasa hular.

A layi Mai Kwanuka tana bayana. Ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ke me kika ji?" Na ce, "Abin da kika ji." Ta ce, "To wa za ki rubuta?" Na ce, "Wanda aka aiko ni." Ta ce, "In kuma ya janye fa? Kin zubar da ƙuri'ar mata a kwata." Na ce, "In kuma bai janye ba fa?" Na bayanmu suka fara tsaki.

Na rubuta Likita. Na naɗe takardar na jefa a akwati. Ita ban san me ta rubuta ba, ban kuma tambaya ba.

Kafin magariba aka ce Injiniya ya ci. An ware wani tulin ƙuri'u gefe aka ce sun lalace, ba a faɗi dalili ba. Ban sani ba ko tawa tana ciki. Sai ga Likita ya dawo, suka rungume juna da Injiniya suna dariya, ana ɗaukar hoto. Lasifika kuwa a lokacin tana aiki garau.

Ku da ke waje, kun fi mu gani. Me mutumin nan ya ce?

Yayarka.

*

Yaya,

Sannu da wannan rana. Na gaishe ki.

Ni ma a gida na saurara kamar kowa, an dakatar da ni tun daren shirin. Matata ta ɗauka hutu ne na gaske, har tana cewa in gyara mata ƙofar kicin.

Me ya ce? Tasharmu ta ce ya janye. Ta tsallake ta ce bai janye ba, murɗiya aka yi. Wata kuma ta ce ƙarar da ya kai uwar jam'iyya ce ya janye, ba takara ba. Na kalli hoton bakinsa a waya har idona ya yi ja, wani lokaci in ga "na," wani lokaci in ga "ban." Da aka tambaye shi da kansa yau da safe, murmushi ya yi ya ce abin da ya wuce ya wuce, yanzu lokacin haɗin kai ne. Dama ke nake jira ki gaya mini, tunda kina wurin.

Akwai wata magana, nauyinta nake ji. Mai gidan rediyo ya kira ni. Ya ce muryarki ta shiga gari, ɓangarorin biyu duk sun san ta, har ofishin Injiniya suna kiranki Uwar Haɗin Kai. Yana so ki zo tasha a yi hira da ke, ki ce komai ya wuce. In na kawo ki, in koma bakin aikina. In ban kawo ki ba, bai ƙarasa ba, ya dai tambayi lafiyar iyalina.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na gaya miki ne don kada ki ji a wani wuri. Kada ki yi don ni. Na rubuta wannan layin na soke, na sake rubutawa, don ban san ko da gaske nake ba.

Ƙanenki,
Auta.

*

Auta,

Na gaishe ka. A tsaye nake rubutu, ana loda kaya.

An juye buhun wayoyi a kan tebur, na ɗauki tawa, ban kunna ba.

Ka gaya wa mai gidanku zan zo, amma da sharaɗi. Kai tsaye za a yi, ba ɗauka a ajiye ba, kuma kai za ka yi tambayoyin. Ba zan ce komai ya wuce ba, abin da na gani zan faɗa, da abin da ban ji ba. In ya yarda, to. In bai yarda ba, ka gaya wa matarka gaskiya yau ɗin nan, sannan ka kwaso yara ku zo gida mu yi shawara, ba a kanka aka fara ba.

Amma ba yanzu ba. Sai na fara tsayawa a gaban matan da suka aiko ni, ko a ƙasa za su zauna. Za su tambaye ni ko ƙuri'arsu ta shiga lissafi, kuma ban san me zan ce ba.

Mai Kwanuka ta riga ni shiga mota. Tun daga layin zaɓe ba ta sake yi mini magana ba, amma ta ɗora jakarta a kujerar kusa da ita, duk wanda ya zo zama sai ta ce da mutum. Bari in je in gani ko ni ce mutumin.

Ka huta lafiya.

Yayarka.